Darasi na 9: Gano Madogaran Manhajar da Ke Cikin Kwamfuta

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, Birnin Gwari na ciki. A waɗannan watanni biyu, duk mai kwamfuta a garin, abin da ke cikinta shi ne iyakar abin da yake da shi. In yana son ƙara wata manhaja, sai dai ya ɗauki filash ya nufi Kaduna, tafiyar kilomita wajen 120 ta Udawa da Buruku, hanyar da a lokacin ba a binta sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sabis ya dawo, amma data ba ta yi araha ba, kuma da zarar an fita gari aka nufi ƙauyuka sai layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Don haka abin da za mu koya yau ya fi mana amfani a kan wanda ke zaune a Abuja da intanet ba yankewa. Za mu koyi yadda ake tambayar kwamfuta abin da aka riga aka girka mata, da abin da kowace manhaja ta jingina da shi, ba tare da an kunna data ba.

Da Ubuntu za mu yi aiki, kamar darussan baya, sai mu ɗan taɓa Windows can gaba. Umarnan da ke nan suna aiki a Debian da Linux Mint ma, domin gida ɗaya suka fito. Ian Murdock ne ya kafa Debian a 1993, Ubuntu kuma ta fito a 2004 a kan tubalin Debian, ita kuma Mint ta ɗora a kan Ubuntu.

Manhaja ba ta tafiya ita kaɗai

A Ubuntu, manhaja tana zuwa ne a ƙunshi, wato fayil ɗaya mai ƙarewa da `.deb` wanda ya tattara manhajar da bayananta. Kusan babu ƙunshin da ya ishi kansa. Wanda ya rubuta manhajar ba ya sake rubuta abin da wasu suka riga suka gama. Aro yake yi. Waɗannan ƙunshe-ƙunshen da ake jingina da su su ne madogarai, kuma mafi yawansu laburare ne, wato guntun manhaja da ba ya yin komai da kansa sai wata manhaja ta kira shi.

Mu ɗauki misali daga gida. A ce ana son zana taswirar Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, a nuna inda ya yi iyaka da dajin Kwiambana na Zamfara da inda gonakin jama'a suka tsaya. Manhajar kyauta da ake yin irin wannan aiki da ita ita ce QGIS. To, QGIS ba ta iya buɗe hoton tauraron ɗan'adam da kanta, laburaren GDAL ke buɗe mata. Lissafin inda filaye biyu suka haɗu ko suka hau juna, na GEOS ne. Tagogi da maɓallan da kuke latsawa na Qt ne. Akwai kuma PROJ, wanda ke juya ma'aunin wuri daga wani tsari zuwa wani. Wannan na ƙarshen ba abin rainawa ba ne a Najeriya: tsofaffin taswirorin safiyo an auna su ne da ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa da WGS 84 take aiki, kuma tsakanin su biyun akwai tazarar gomman mitoci. A iyakar gona da daji, wannan tazara ta isa ta haddasa shari'a.

Wanda ya je Kaduna ya kwafo ƙunshin QGIS shi kaɗai, ya yi kamar makanikin da ya je Panteka ya sayo fistin ya manta da ringi: kayan na hannunsa, amma babur ba zai tashi ba. Abin da ke ƙara wahalar shi ne madogarai su ma suna da nasu madogaran. GDAL kaɗai ya jingina da laburare da dama, na hotuna, na rumbunan bayanai, na matse fayil.

Rajistar kwamfuta

Kwamfutar tana riƙe da rajistar duk ƙunshin da aka girka mata. Rajistar fayil ne na rubutu, yana `/var/lib/dpkg/status`, kuma manhajar da ke kula da shi sunanta `dpkg`. Ku karanta shi in kuna so, amma kada ku gyara komai a ciki da hannu. Ku buɗe tagar umarni ku rubuta:

`dpkg -l`

Jeri zai fito mai tsawo. A sauka da kibiya, a fita da harafin `q`. Kowane layi ƙunshi ɗaya ne, da sunansa, da sigarsa, da ɗan bayani. Haruffa biyu na farkon layi su ne abin lura, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa. Na farko yana faɗin abin da aka nema, na biyu yana faɗin halin da ake ciki. `ii` na nufin an nemi a girka, kuma an girka; lafiya lau ke nan. `rc` na nufin an cire ƙunshin, fayilolin saitinsa ne kawai suka rage. Mutum zai ga sunan a jeri ya ɗauka manhajar na nan, alhali ta tafi tuntuni. `iU` kuwa shi ne alamar aikin da ya tsaya a tsakiya: an kwance ƙunshin a kan kwamfuta amma ba a kammala saita shi ba, galibi saboda wata madogara ta yi ɓatan dabo, ko kuma wuta ta ɗauke ana cikin aiki. Mu da ke aiki da janareto da sola mun fi kowa ganin wannan.

Don sanin adadin waɗanda ke girke sosai:

`dpkg -l | grep '^ii' | wc -l`

Ko kwamfutar da aka girka wa Ubuntu jiya za ta nuna fiye da dubu. A cikinsu, 'yan kaɗan ne mutum ya nema da bakinsa, sauran rakiya suka yi. Umarnin `apt-mark showmanual` zai nuna waɗanda aka yi wa alamar nema kai tsaye, har da wasu da suka shigo tun ranar girka Ubuntu, `apt-mark showauto` kuma zai nuna 'yan rakiyar.

Tambayar ƙunshi ɗaya

Za mu gwada da `curl`, ƙaramar manhajar sauke fayil, domin madogaranta ba su da yawa. In babu ita a kwamfutarku, ku sa `wget` a madadinta.

`dpkg -s curl`

Ku nemo layuka uku. `Status` zai faɗi ko tana girke. `Version` zai faɗi sigarta. `Depends` shi ne jerin madogarai, kuma a Ubuntu 22.04 za ku ga uku: `libc6`, `libcurl4` da `zlib1g`. Karanta wannan layi yana da ƙa'ida. Waƙafi na nufin “da”, wato duka ake buƙata. Tsayayyen layi `|` na nufin “ko”, ɗaya daga ciki ya wadatar. Lambar da ke bin suna sharaɗi ce a kan siga: `>=` na nufin wannan sigar ko wadda ta fi ta sabunta, `=` kuma na nufin ita ɗin dai, ba wata ba.

A nan ne akasarin matsala take. Ba rashin laburare ne ya fi hana manhaja girkuwa ba, rashin dacewar siga ne. Wani zai kwafo ƙunshi daga kwamfutar abokinsa mai Ubuntu 24.04, ya zo ya saka a tasa mai 20.04. Kwamfutarsa tana da `libc6`, ba shakka, domin babu Ubuntu da ke tashi ba shi. Amma nata ya tsufa, ƙunshin kuma yana neman sabo. Kada ku yarda kowa ya ba ku shawarar kwafo sabon `libc6` ku danna a kan tsohon. Kusan komai a kwamfutar ya jingina da shi, in ya karkace, har tagar umarnin da za ku gyara da ita ba za ta buɗe ba. Maganin shi ne a nemo ƙunshin da aka yi domin sigar Ubuntu ɗinku, wadda `lsb_release -a` zai faɗa muku.

Bayan `Depends`, wasu ƙunshe-ƙunshen suna da `Recommends` da `Suggests`. Na farko abin da ya kamata ya kasance ne, kuma Ubuntu tana girka shi kai tsaye in ba a hana ta ba. Na biyu shawara ce kawai. Mai tattalin data yana iya ƙara `--no-install-recommends` a umarnin girkawa, ya rage nauyin abin da zai sauke, sai dai ya sani wani ɓangaren manhajar na iya ƙin aiki.

`dpkg -s` yana tsayawa ne a mataki na farko. Don bin zuri'ar har ƙasa, a cikin abin da ke girke kaɗai:

`apt-cache depends --recurse --installed --no-recommends --no-suggests curl`

Madogarai uku za su zama jeri mai cika allo, domin `libcurl4` ya jingina da laburaren ɓoye sirrin sadarwa na OpenSSL da wasu da yawa.

Tambayar ta ɗaya gefen

Akwai tambayar da ta fi waccan muhimmanci ga mai son share kaya don samun wuri: wa ya jingina da wannan ƙunshin?

`apt-cache rdepends --installed python3`

Na zaɓi `python3` da gangan. Mutum zai duba jeri, ya ce shi bai taɓa rubuta manhaja da Python ba, me zai yi da ita, ya cire. Bai sani ba kayan aikin Ubuntu da yawa da Python aka rubuta su, kuma cire ta na janye manyan sassan fuskar kwamfutar. Manhajar `apt`, wadda ke tsara girkawa da cirewa a saman `dpkg`, ba ta yi masa ha'inci ba. Ta jera masa duk abin da zai tafi, ta tambaye shi, ya danna `Y` bai karanta ba. Akwai hanyar gwaji da ba ta taɓa komai:

`apt-get -s remove python3`

Harafin `-s` na sa ta faɗi abin da za ta yi ba tare da ta yi ba. Ku mai da shi al'ada kafin kowace cirewa, har da `apt autoremove`, wanda ke kwashe 'yan rakiyar da babu sauran mai buƙatarsu. Yawanci yana yin daidai, amma ba ya sanin manhajar da kuka kwafo da hannu ba ta hanyar rajista ba, don haka yana iya janye mata laburaren da take tsaye a kai.

In kwamfutar ta mutane da yawa ce, kamar ta makaranta ko ta shagon buga takardu, ku duba `/var/log/apt/history.log`. Yana rubuta rana da lokaci, da umarnin da aka bayar, da sunan asusun da ya bayar, da duk abin da ya shigo ko ya fita. Gardamar “ba ni na taɓa ba” a nan take ƙarewa.

Manhajar da ba ta cikin rajista

Wani lokaci ana ba ku manhaja a filash, ba ƙunshi ba ce, fayil ne kawai da ake latsawa. `dpkg` bai san da ita ba. A nan sai a tambayi fayil ɗin kansa laburaren da yake nema. Ga yadda ake yi, da `curl` a matsayin misali:

`ldd /usr/bin/curl`

Kowane layi laburare ɗaya ne da inda aka same shi. Wanda babu shi, za a rubuta `not found` a gabansa, shi ne kuma za ku nema. In kuna son sanin ƙunshin da wani laburare da ke kwamfutar ya fito daga ciki, `dpkg -S libz.so.1` zai amsa da `zlib1g`. Gargaɗi ɗaya: a wasu yanayi `ldd` na iya tayar da fayil ɗin da yake dubawa, don haka ba a yin sa a kan fayil ɗin da ba a amince da asalinsa ba. Ga irin wannan, `objdump -p sunan-fayil | grep NEEDED` yana karantawa ne kawai.

In kuwa ƙunshi ne aka ba ku, ku duba buƙatunsa tun kafin girkawa da `dpkg-deb -f sunan-fayil.deb Depends`.

Kafin a hau motar Kaduna

Yanzu mu koma kan QGIS. Kwamfutar tana Birnin Gwari, intanet mai ƙarfi yana Kaduna ko Funtua. Abin da ake buƙata shi ne jerin abin da ya rage wa wannan kwamfutar, ita kanta, ba jerin duk madogaran QGIS ba, domin wasu suna nan tuni. A kanta za a rubuta:

`apt-get install --print-uris -qq qgis | cut -d"'" -f2 > jeri.txt`

`apt` za ta gwama buƙatun QGIS da rajista, ta fitar da adireshin kowane ƙunshin da babu, a zuba su cikin `jeri.txt`. A kwafi fayil ɗin a filash. A inda akwai intanet, `wget -i jeri.txt` zai sauke su duka. In an dawo gida, a shiga foldar da suke, a rubuta `sudo apt install ./*.deb`.

Dabarar tana da rauni ɗaya, gara ku san shi tun yanzu. `apt` tana lissafi ne da kundin rumbunan manhaja da ta sauke ranar da aka yi `sudo apt update` na ƙarshe. In kundin ya kwana biyu, wasu sigogin da ya ambata an riga an maye gurbinsu a rumbu, adireshinsu ya mutu, sai a isa Kaduna a tarar wasu ba sa saukuwa. Don haka duk ranar da sabis ya yi kyau, ku sabunta kundin. Nauyinsa bai kai na manhajar ba ko kusa. Akwai kuma manhaja mai suna `apt-offline` da aka yi musamman domin wannan aiki, har da ɗauko sabon kundi a filash. Abin dariyar shi ne ita ma sai an girka ta tukuna, saboda haka ku girka ta yau da kuke da data, ba ranar da kuke nemanta ba.

Sauran rajistoci, da Windows

`dpkg` ba shi kaɗai ke riƙe da rajista ba. Tun Ubuntu 21.10, Firefox tana zuwa ne ta tsarin Snap, wanda ke ɗauke da akasarin madogaransa a jikinsa, shi ya sa yake da nauyi. `snap list` ke nuna su. Masu koyon Python suna da `pip list`, kuma `pip show` da sunan ƙunshi zai nuna `Requires` da `Required-by`, wato tambayoyinmu biyu na ɗazu. A Fedora, `rpm -qa` ne madadin `dpkg -l`.

Yawancin kwamfutocin shagunanmu Windows ne, kuma can babu rajista ɗaya da ke bayyana wa ya jingina da wa. Sai dai a gane daga saƙon kuskure. In manhaja ta ce ba ta ga `VCRUNTIME140.dll` ko `MSVCP140.dll` ba, Microsoft Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022 take nema. `MSVCR120.dll` na 2013 ne, `MSVCR100.dll` na 2010. Ku danna maɓallin Windows tare da `R`, ku rubuta `appwiz.cpl`, ku duba waɗanda ke girke. Za ku ga shekaru daban-daban a jere, wasu da `x86`, wasu da `x64`. Ba maimaici ba ne, kada a share su; kowace manhaja da wanda aka gina ta a kai, kuma tsohuwar manhaja mai `x86` tana neman nata ko da kwamfutar `x64` ce. Shafukan da ke raba fayil ɗin DLL ɗaya-ɗaya kuwa, ku yi nesa da su, hanya ce da ƙwayar cutar kwamfuta ta saba bi. Daga shafin Microsoft ake ɗauko cikakken ƙunshin, kuma ya cancanci zama na dindindin a filash ɗin kowane mai gyara.

Ranar da sanin siga ya zama batun tsaro

A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ke aiki a kan manhajar PostgreSQL, ya sanar cewa ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin XZ Utils, kayan matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da su. Abin da ya ja hankalinsa jinkiri ne na kusan rabin daƙiƙa wajen shiga kwamfuta daga nesa ta SSH. Siga biyu ne abin ya shafa, 5.6.0 da 5.6.1, kuma an kama shi kafin ya shiga tsayayyun sigogin Debian da Ubuntu. Abin lura gare mu shi ne hanyar da ya bi. Babu wanda ya zauna ya ce yana son laburaren `liblzma` na XZ Utils. A lokacin, a wasu nau'o'in Linux, manhajar SSH ta jingina da laburaren systemd, shi kuma ya jingina da `liblzma`. Ɗan rakiyar ɗan rakiya ne. A ranar, masu kula da kwamfutoci a duniya tambaya ɗaya suke yi, wace siga ce a kan tawa, kuma amsar a Ubuntu layi ɗaya ce: `dpkg -l liblzma5`.

Aikin aji

Ku kashe data ko ku zare wayar intanet kafin ku fara. Duk aikin nan ba ya buƙatarta.

1. Ƙunshi nawa ne ke girke a kwamfutar da ke gabanku? A cikin jerin, akwai mai alamar `rc` ko `iU`? Ku rubuta sunayensu, ku faɗi abin da kuke zaton ya faru da su.

2. Ku zaɓi manhaja ɗaya da kuke amfani da ita kullum, ku rubuta madogaranta na mataki na farko a littafinku. Ku ja layi a ƙarƙashin duk wadda aka gindaya mata sharaɗin siga, ku duba da `dpkg -l` ko sigar da ke kwamfutar ta cika sharaɗin.

3. Ku gwada `apt-get -s remove zlib1g`. Ku tabbata kun sa `-s`. Me `apt` ta ce, kuma me ya sa?

4. Ku kasu biyu-biyu. Kowa ya fitar da `jeri.txt` na QGIS a kwamfutarsa, sannan ku gwama tsawon jerin biyu da `wc -l jeri.txt`. In sun bambanta, ku gano ƙunshin da ɗaya ke da shi ɗaya ba shi da shi, ku nemo a `history.log` ranar da ya shigo da manhajar da ya rako. Ku zo da filash ɗinku darasi na gaba.